Zuwa ga Uwata, kan rasuwar Baba Likita

Assalamu alaikum, Uwata. Ya haƙuri? Ya muka ji da wannan babban rashi? Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka makwancinsa, ya sa can ta fi masa nan, mu kuma idan tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Saƙonki ya same ni daren Laraba. Ƙaninki ne ya karanta mini, har sau biyu, domin idona ya daina jituwa da ƙananan rubutun waya. Ban amsa a lokacin ba saboda maganar ba ta tsaye ba ce, sai da na bari baƙi suka ragu. Kin ce kin kasa gane yadda mutum kamar Baba Likita, wanda ya je yaƙi ya dawo, ya kuma shekara fiye da hamsin yana duba marasa lafiya, zai cika bayan sallar asuba a ce kafin la'asar an rufe shi, babu sojan da ya busa begila, babu wanda ya miƙe ya faɗi ko shi wane ne. Kin ce a can Ingila, da wani babban likitan wurin aikinku ya mutu, sai da aka yi makonni ana shiri, aka taru, kowa ya fito ya yi magana a kansa. Kina tambaya ko al'adarmu ta hana a tuna mutum ne, kuma ko akwai laifi idan kin turo kuɗi a kama ɗakin taro ranar arba'in, a buga ɗan littafi da hotonsa a raba.

Bari in fara da abin da na san ya fi ci miki rai ko da ba ki rubuta shi ba, wato rashin ganinsa. A hannunsa kika tashi tun da mahaifinki ya rasu kina ƙarama, shi ya kai ki makaranta, shi ya ba da aurenki, sai ga shi labari ya riske ki a waya kina bakin aiki. To ki sani, bayan an yi masa wanka an sa shi a likkafani, kafin a fito da makara, an kira iyali ɗaki kamar yadda aka saba, kowa ya durƙusa ya yi masa addu'a ya yafe masa. Da aka zo kaina na yi nawa, sannan na ambaci sunanki na yanka, sunan mahaifiyarmu da bakina bai taɓa kiran ki da shi ba, na ce ke ma kin yafe masa duniya da lahira. Hajiya matarsa tana wurin, ki tambaye ta. Shi kuwa tun ranar da jikin ya tsananta ya ce ya yafe wa kowa, ya kuma tambaya ko kin kira. Na ce kin kira yana barci. Ya ce Allah ya yi miki albarka.

Gaggawar da kika gani umarni ce. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a gaggauta da jana'iza, kuma a wurinmu girmama mamaci shi ne a suturta shi da wuri, kada a bar shi kwance ana jiran wane da wane su iso. Ki lura da kalmar ma, sutura muke cewa, kamar yadda ake rufa wa mai rai asiri. Mai martaba Sarkin Zazzau Shehu Idris ya shekara 45 a kan karaga. Ranar 20 ga Satumba 2020 ya rasu a asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna, kuma a ranar aka kawo shi Zariya aka yi masa sallah aka rufe shi a gidan sarauta. Janar Sani Abacha yana shugaban ƙasa ya rasu ranar 8 ga Yuni 1998, bai kwana ba sai a kabarinsa a Kano. Da ana jinkirta wa mutum don girmansa, ai da su aka jinkirta wa.

Ni da babban ɗansa da limamin unguwa muka yi masa wanka, da ruwa da ganyen magarya, aka sa kafur a na ƙarshe. Farin yadin ma ba mu saya ba. Da muka buɗe akwatin ƙarfen nan nasa da ke ƙarƙashin gado, sai muka tarar da shi a ninke a kan kakinsa, ya yi shekaru da sayen abinsa. Aka yi sallah a ƙofar gida, sahu ya cika lungu ya fita har bakin titi. Kabbara huɗu ce, babu ruku'u babu sujada, ba ta ɗauki minti biyar ba. Amma ɗaukar makarar, Uwata, na halarci jana'izu da yawa a garin nan, ban taɓa ganin wadda aka yi wa rububi haka ba. Mutum bai yi taku biyar ba wani ya sa kafaɗa ya karɓe shi. Akwai 'yan acaba da suka jingine baburansu a gefen hanya, akwai mahauta da rigar aikinsu, akwai manyan likitoci daga asibitin koyarwa na Shika waɗanda ya koya wa riƙon allura. Yawancin fuskokin ban san su ba.

Sojoji ba su ƙi zuwa ba. Tun da hantsi wani hafsa ya kira ya ce za su turo 'yan fareti da tuta. Suna da tsarinsu, na ga an yi wa wasu, ban kuma ce haramun ne ba. Yaya ne ya hana tun yana raye. Ya taɓa ce mini, muna zaune a zaure bayan isha'i: "Ranar da na mutu kada a harba bindiga a kaina. Na ji wadda ta ishe ni." Na faɗa wa hafsan haka, ya yi shiru, sannan ya ce to za su zo da farin kaya su bi sahu. Sun kuwa zo.

Ba za ki fahimci wannan magana tasa ba sai na koma da ke baya, don akwai abubuwan da ku yara ba ku sani ba, shi kuma ba mai ba da labarin kansa ba ne.

A zamanin Sarki Ja'afaru aka haife mu, a cikin ganuwa. Kakanku ɗinkin babbar riga ce sana'arsa, kamar gidaje da yawa a birnin Zariya, kuma a zauren nan da kika sani Yaya ya fara riƙe allura. Kafin ya shiga elementare ya iya fitar da aska biyu, daga baya har aska takwas yakan taya Baba. Ya sha faɗa cewa ɗinkin da yake yi wa mutane a ɗakin tiyata a wurin Baba ya koyo, jami'ar Ibadan suna kawai ta ba shi. Daga Midil ta Zariya, wadda ta zama Alhudahuda, ya wuce kwalejin da yanzu ake kira Barewa, wadda aka dawo da ita Zariya daga Kaduna a 1949. A lokacin duk ɗan Arewa da ke son likitanci sai ya bar gida, domin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 aka kafa ta, sashen koyon likitanci kuma sai 1967. Likitoci 'yan Arewa a yatsu ake ƙirga su, irin su Dakta Barau Dikko da Farfesa Ishaya Audu, waɗanda duk ta Wusasa suka biyo. Ranar da zai hau jirgin ƙasa zuwa Ibadan, Inna ta ƙulle masa dakkuwa da kilishi a ƙyalle, ta ƙi rako shi ko zaure saboda kunyar ɗan fari. Ni na ɗaukar masa akwati har tasha.

Bai daɗe da fara aiki ba ƙasa ta rikice. Yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yuli 1967, ana neman likitoci ido rufe, sai ya sa kaki. Mu Zagezagi soja ba baƙonmu ba ne. Defo tana nan tun 1924 tana horar da kurata, muna yara muna ganin tsofaffin da suka dawo daga yaƙin Boma, barikin Chindit ma daga wancan yaƙi ya samo sunansa. Duk da haka Inna ta yi kwana uku ba ta ci abincin kirki ba. An tura shi runduna ta ɗaya, ta Kanar Muhammadu Shuwa, wadda ta gangara ta Nsukka har ta shiga Inugu a watan Oktoba na shekarar. Sai bayan 15 ga Janairu 1970, da aka ajiye makamai, muka sake ganin sa sosai. Ya dawo a rame, kuma mutumin da a da in ya fara ba'a sai cikinka ya ƙulle, ya koma mai dogon shiru.

Sau ɗaya tak ya buɗe mini bakinsa a kan yaƙin, shekaru da yawa bayan haka. Ya ce a ajin makarantar firamare suke tiyata, a haɗa tebura biyu, wani kofur ya riƙe fitilar ƙwai wani ya riƙe tocila. Ya ce in an shigo da mutum jina-jina ba ya tambayar na wane ɓangare ne, kuma ya ɗinke 'yan Biyafara da dama da zaren da ya ɗinke namu. Amma abin da ya hana shi barci yara ne. In sojoji suka shiga gari, sai mata su fito daga daji da 'ya'ya a hannu, ciki ya kumbura, ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja ya zube, yunwa ta cinye su har kuka ba sa iyawa. Ba shi da ma'auni, don haka ya koyi zagaya damtsen yaro da babban yatsa da manuni. In yatsun suka haɗu har da saura, ya san wannan sai an yi da gaske.

Kin tuna yadda yake gaisawa da yara? Duk yaron da ya shigo gidan nan, nasa ko na maƙwabta ko almajiri mai bara, sai ya kama damtsensa ya ɗan matsa, ya ce, "Ana ba ka tuwo kuwa?" Ku kuna dariya kuna zillewa, kun ɗauka wasa ne. Awo yake yi. Har ya koma ga Allah hannunsa bai daina ba. Almajirin da yatsunsa suka haɗu a damtsensa, daga ranar yana da kwano a gidan.

Sauran rayuwarsa kin san ta. Ya yi asibitocin soja a Kaduna da nan Zariya, ya duba kurata ba iyaka, ya yi ritaya yana Kanar, ya dawo gidan gado ya ƙi komawa unguwar manya. Bayan la'asar ya sa benci biyu a zaure, ya rataya abin awon ƙirjinsa a ƙusa. Shekarar sanƙarau, 1996, da cutar ta kashe dubban mutane a Arewa, ya yi makonni ba ya kwana a gida. Kuma yana da faɗa, kada mu ɓoye. In ya ba ka magani ka ji sauƙi ka ajiye saura, ranar da ka dawo sai ka gwammace ciwon. Wanzaman unguwa ma sun sha faɗansa har suka koyi dafa askarsu kafin kaciya, amma bai taɓa wulaƙanta sana'arsu ba, kuma in karaya ce mai sauƙi yakan ce a kai wa maɗori kaza, ya san hannunsa.

Yanzu ga maganarki cewa ba wanda ya faɗi ko shi wane ne. An faɗa, Uwata. Kwana uku ana faɗa, sai dai ba da lasifika ba. Amfanin zaman makoki ke nan. Maza a kan tabarmi a ƙofar gida, mata a cikin gida wajen Hajiya, maƙwabta suna shigo da abinci don ba a barin gidan mutuwa da ɗora tukunya, kamar yadda Annabi ya sa a yi wa iyalan Ja'afar abinci ranar da labarin rasuwarsa ya zo. Mutum zai zo ya durƙusa, a yi salati, a yi Ƙulhuwallahu, a shafa, ya ce ya haƙuri, mu ce haƙuri da godiya. Kafin ya tashi sai ya ɗan matso ya ce, "Ni fa Likita ya yi mini kaza." Ya faɗa a hankali, ga wanda ke kusa da shi, ya ɗauki takalminsa ya tafi. An taɓa wucewa da wata gawa a gaban Annabi, sahabbai suka yabe ta da alheri, ya ce ta tabbata, ya ce ku ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Daga nan Bahaushe ya samo cewa shaidar duniya ita ce ta lahira. Ita wannan shaida ba a gayyatar mai ba da ita, ba a ba shi minti biyar a takardar tsarin taro. Ƙafarsa ce take kawo shi.

Rana ta biyu da hantsi wata tsohuwar mota ta tsaya, aka fito da wani dattijo Kirista daga kudancin Kaduna, jikansa na riƙe da shi. Tsohon saje ne, ƙafarsa ta hagu ta roba ce daga gwiwa. Ya kasa durƙusawa, aka kawo masa kujera ya ƙi zama. Ya tambaya ina Likita yake zama. Muka nuna masa kujerar katakon nan ta zaure, mai matashin fata. Ya saki sandarsa, ya ƙame, ya sara wa kujerar, hannunsa na rawa, ya daɗe a haka. Sannan ya ce mana da Hausarsa ta bariki, a ajin makaranta aka yanke masa ƙafar, kuma Yaya ya kwana zaune a kansa yana kiran sunansa don kada ya tafi. Duk shekara da Kirsimeti yakan aiko wa Yaya da doya da citta, Yaya kuma ya aika masa da naman layya. Na sha cin doyar, ban taɓa sanin daga ina take ba. Ba wanda ya iya cewa komai a zauren. Liman ne ya share ido ya ce a kawo wa baƙo ruwa.

Sai kuma maganar bashi. Kin san kafin a ta da sallar gawa ana shela cewa duk wanda ke bin mamaci, ko mamaci ke bin sa, ya zo ya ga wane, domin bashi ake fara biya kafin wasiyya, kafin gado. Ni aka ambata. Ban zaci kowa zai zo ba, Yaya ba mai cin bashi ba ne. Daren rana ta uku sai ga mai kemis ɗin nan na bakin kasuwa ya ja ni gefe da wani littafi mai baƙin bango, duk ya sha hannu. Ashe shekara da shekaru, in Yaya ya rubuta wa mutum magani ya ga alamar ba shi da halin saye, sai ya yi wani ɗan zane a ƙasan takardar, kamar ƙaramar aska irin ta wuyan riga. Mai kemis in ya ga alamar sai ya ba da magani ya ce an biya, ya rubuta a littafi. Ƙarshen wata, in fansho ya shigo, Yaya ya je da kansa ya biya. Ya sa shi ya yi alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba, har Hajiya. Mutumin ya ce ba kuɗin watan ƙarshe ya zo karɓa ba, ya yafe, ya zo ne don alkawarin ya ƙare kuma abin ya yi masa nauyi a ƙirji. Na ce a'a, bashi bashi ne, aka biya shi daga abin da Yaya ya bari. Na buɗe littafin a hasken waya. Babu sunan kowa a ciki, kwanan wata ne da sunan magani da kuɗi, shafi bayan shafi.

To, batun arba'in. A da, a gidanmu da ko'ina a birni, ana sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, wasu har da ta shekara. Mata su daka gumba, a toya waina, malamai su taru da sassafe su sauke Alƙur'ani, a raba wa almajirai da maƙwabta, kafin rana ta yi zafi an watse. Haka aka yi wa Baba, haka aka yi wa Inna. Tun da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 wa'azi ya yi ƙarfi cewa ƙayyade waɗannan ranaku ba shi da asali a sunna, kuma yau a gida ɗaya sai ki sami masu yi da masu ƙi. Namu gidan ma haka ne. Mun yi addu'a ranar uku aka naɗe tabarmi. Hajiya ta ce ita ranar arba'in za ta yi gumbarta ta raba, ƙannenki biyu sun ce ba za su zauna ba, na ce kowa ya yi abin da zuciyarsa ta natsu da shi, amma ban yarda a ɗaga murya a gidan da ake takaba ba. Abin da na sani shi ne malaman ɓangarorin biyu ba su saɓa ba a kan cewa addu'a da sadaka suna isa ga mamaci, ko ranar tara ce ko ranar ɗari. Ƙirga kwanakin al'ada ce, ba farilla ba.

Abin da ba na so shi ne wanda ya shigo mana a 'yan shekarun nan: rumfuna, kujerun haya, abinci a robobi, mata da anko, mai ɗaukar hoto yana zagayawa, har mutum ya rasa gane gidan mutuwa ne ko gidan biki. Sau da yawa ma daga dukiyar marayu ake yin sa, ba a ko raba gado ba. Masu ƙoshi su ci, su yi hirar siyasa, su tafi. Ɗakin taron da kika ambata, na san da kyakkyawar niyya kika faɗa, amma can zai kai mu. Saje mai ƙafar roba ba zai zo ba, matan da ke zama a bencin zaure ba mai barin su wuce ƙofa, manya ne za su karɓi lasifika su yabi mutumin da rabonsu da shi shekara ashirin. Ban goyi bayan wannan ba, kuma na tabbata da za a tambaye shi, faɗa zai yi.

Littafi kuwa, ki rubuta. A nan ina tare da ke ɗari bisa ɗari, kuma duk wanda ya ce miki ba al'adarmu ba ce bai san al'adar ba. Malamanmu sun daɗe suna yi wa nasu marsiyya. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bayan rasuwarsa a 1837, ta lissafa halayensa, kuma saboda irin wannan rubutu ne muka san su a yau. Mu ne muka yi sakaci daga baya. Tsofaffin Boma da na ce miki muna gani muna yara, duk sun tafi da labarinsu a ciki, ko sunayensu ba mu riƙe ba, kuma na yaƙin basasa ma saura ƙalilan. Yaya da kansa marubucin irin wannan ne. A ƙasan akwatin, ƙarƙashin kakin, mun sami wani ɗan littafin aljihu da ya rubuta waɗanda suka cika a hannunsa a fagen daga, Musa da Audu da Sunday da Okeke, wasu kuma "yaro, ba suna". Hajiya ta ce duk 15 ga Janairu, ranar da gwamnati ke tunawa da mazan jiya, ba ya zuwa fareti. Yakan rufe ƙofa bayan asuba ya karanta littafin nan daga farko har ƙarshe, sannan ya fito ya sa a dafa abinci a kai tsangaya.

Sharaɗina biyu ne a kan rubutun. Ki yi shi da Hausa tukuna, don waɗanda ya yi wa aiki su iya karantawa ko a karanta musu, in ya so ki juya shi Turanci saboda 'ya'yanki. Sannan kada ki ƙara masa gishiri, kada ki mai da shi waliyyi. Ki sa faɗansa a ciki. Hoto guda a cikin littafi ban ga laifinsa ba, amma kada a buga shi a riguna ko a manna a bango, gobe a gan shi a kwata. Kuma kada ki yi gaggawa don ki cim ma arba'in. Ki zo da hutunki, ki zauna da Hajiya, in sa ƙaninki ya kai ki wurin saje tun yana da sauran numfashi, ki ji daga bakin tsofaffin nas-nas da suka yi aiki da shi. Ni ma ki zo ki tatse ni tun ina nan.

Kin tambayi kabari. Ba a gina shi da siminti ba, ba kuma za a gina ba. An kwantar da shi a gefen dama yana fuskantar alƙibla, aka jera itace, aka toshe da ɗanyar ƙasa, aka tara ƙasa ta ɗan tashi, shi ke nan, daidai da na maƙwabcinsa wanda ban san ko wane ne ba. Na sa an kafa ɗan ƙaramin allon ƙarfe a wajen kai don kada ya ɓace mana. Wata hanyar da muke riƙe suna kuma ke ce shaidarta: Inna ta rasu kafin a haife ki, amma kullum sai an ambace ta a gidan nan saboda ke. Matar ƙaninki tana da ciki, in Allah ya sauke ta lafiya aka sami namiji, an riga an san sunansa, kuma na san Likita za a riƙa kiran sa tun yana zanen goyo.

Kuɗin da kika ware, ga shawarata. Hadisi ya ce idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ilimin yana nan a hannun waɗanda ya koyar, har da ke. Addu'a kuma ba sai na tuna miki ba. Saura littafin mai kemis. Na roƙe shi kada ya rufe shi tukuna. Ɗaya daga cikin likitocin da suka ɗauki makara ya ce zai riƙa zuwa zaure ranar Asabar bayan la'asar, na kuma nuna masa yadda ake zana 'yar askar. Abin da babu shi ne mai biya a ƙarshen wata, tunda fanshon ya tafi da mai shi. Ni zan sa abin da zan iya, 'ya'yansa sun ce za su sa. In kin shigo, ki turo ta hannun babban wanku, kuma ya tsaya a tsakaninmu kamar yadda shi ya riƙe shi.

Ki riƙa kiran Hajiya. Takabarta wata huɗu da kwana goma ce, kuma yanzu da baƙi suka ɗauke ƙafa ne gidan zai yi mata faɗi. Bayan isha'i ya fi, lokacin ne suke shan shayi tare, lokacin ne kuma take shiga ɗaki ta yi shiru.

Shekaranjiya bayan la'asar ina zaune a zaure sai ga wata mata daga wani ƙauye ta hanyar Soba, da yaro a goye, jikinsa zafi rau. Ba ta ji labari ba. Ta gaishe ni ta zauna a benci tana jiran Likita ya fito. Na rasa ta inda zan fara. Da na faɗa mata ta yi salati, ta yi kuka, ta yi masa addu'a, sannan ta gyara goyonta za ta tafi. Na ce ta dakata. Na kira likitan nan a waya, ya ce a kawo yaron yanzu, ƙaninki ya ɗauke su a mota. Kafin su fita na kama damtsen yaron. Yatsuna sun haɗu, Uwata, har da saura. Jiya an ce ya fara karɓar kunu.

Ki gaida maigidanki da yara. Hajiya tana gaishe ki.

Baffanki.